Allon Sanarwa Na Lantarki Da Hanyar Rediyon Da Ke Kai Masa Saƙo

 

Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne allon sanarwa na lantarki, watau irin allon nan da rubutu ke haskawa a jikinsa yana sauyawa, wanda muke gani a filin jirgin sama, da gidan mai, da banki, da filin wasa, da bakin manyan hanyoyi. Amma ba kan allon kansa za mu daɗe ba. Za mu fi tsayawa ne kan hanyar rediyo wadda saƙo ke bi daga ofis zuwa allon, yadda ake kafa ta da yadda ake daidaita ta.

Wani zai ce, ina ruwan mai karatun shari'a ko tarihi ko aikin mulki da wannan, ai na injiniyoyi ne? Amsa ita ce, galibi ba injiniya ke sa hannu a takardar kwangila ba, ba kuma shi ke sa hannu a takardar da ke cewa an gama aiki a biya ba. Masu yin wannan su ne irinku, yau ko gobe. Kowa a nan ya taɓa ganin allon da aka kashe wa kuɗin jama'a, aka yi bikin buɗe shi, bayan watanni kaɗan ya tsaya cik yana nuna sanarwar bara. Sau da yawa fitilunsa lafiya suke, hanyar kai masa saƙo ce ta mutu.

A da, idan fada tana da magana, sai a aiki manzo wurin sanƙira, shi kuwa ya zaga gari yana shela. Allon lantarki sanƙira ne, rediyo kuwa shi ne manzon. In manzo ya ɓace a hanya, sanƙira zai ci gaba da shelar jiya da iyakar muryarsa, mutane kuma su yi aiki da ita. Wannan shi ne jigon laccarmu: allon da saƙo ba ya isa gare shi a kan kari maƙaryaci ne, kuma yawancin abin da ke hana shi yin ƙarya ana yinsa ne tun kafin kowa ya hau tsani.

Taƙaitaccen Tarihi

Rubutu mai tafiya da hasken lantarki ya daɗe. A watan Nuwamba na 1928 jaridar New York Times ta kunna wani allo da ya kewaye gininta a birnin New York, mai ƙwayayen fitila 14,800, aka sanar da nasarar Herbert Hoover a zaɓen shugaban ƙasar Amurka. Irin waɗannan ƙwayaye suna shan wuta suna kuma ƙonewa. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera ƙaramar fitilar nan da ake kira LED mai ba da jan haske. Shuɗiyarta mai haske sosai ba ta samu ba sai farkon shekarun 1990, ta hannun masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Da aka sami ja da kore da shuɗi, sai kowane launi ya samu, allunan suka yi araha suka bazu ko'ina.

Ta wajen rediyo kuwa, Heinrich Hertz na Jamus ya nuna a 1887 cewa igiyoyin lantarki suna ratsa sarari ba tare da waya ba, shi ya sa ake auna yawan kaɗawarsu da sunansa, ake cewa megahaz da gigahaz. A 1901 Marconi ya aika alama daga Ingila zuwa Newfoundland, ƙetaren tekun Atlantika. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne shekarar 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna uku, na wajen megahaz 900, da gigahaz 2.4, da gigahaz 5.8, ta ce kowa na iya amfani da su ba da lasisi ba muddin ya kiyaye iyakar ƙarfi. A kan wannan aka gina ƙa'idar 1997 wadda daga baya ta zama Wi-Fi.

Me Ya Sa Ba A Ja Waya Ba?

Tsarin kowane irin allo kashi uku ne: kwamfutar da ake rubuta saƙo a ofis, da 'yar na'urar da ke cikin allon tana sarrafa fitilu, da hanyar da ta haɗa su. Inda waya za ta yiwu, lalle waya ta fi aminci, kada kowa ya ji kunyar zaɓen ta. Sai dai kowace waya tana da iyakarta. Tsohuwar hanyar da ake kira RS-232 ba ta wuce kimanin mita 15. Kebul ɗin da ke haɗa kwamfutoci a ofis iyakarsa mita 100. RS-485 tana kai mita 1,200, amma sai an haƙa rami, wani lokaci a fasa kwalta, a nemi izinin masu filaye, kana a yi ta fama da masu gyaran hanya da ɓarayin jan ƙarfe. Idan allo yana ƙetaren titi, ko a ƙofar makaranta mai nisan kilomita ɗaya daga ofishin rajistara, sai hankali ya koma kan rediyo.

A nan hanya ta rabu biyu. Ko dai hukuma ta kafa rediyonta na kanta, ɗaya a ofis ɗaya a jikin allo, ko kuwa a sa wa allon layin waya irin na salula, saƙo ya bi ta turakun kamfanin waya. Ta farko tana da wahalar kafawa, amma babu kuɗin wata. Ta biyu tana da sauƙi, kuma nisa ba ya damunta, sai dai ran da aka manta biyan kuɗin layi, ran nan allo ya kurumce. Bugu da ƙari, wanda ya hau dokin aro, ran da mai doki ya so zai sauke shi. A farkon watan Janairu na 2017 wani babban kamfanin waya na Amurka ya rufe tsohon tsarinsa na 2G, bayan ya yi shekaru yana sanarwa. Motocin safa da jiragen cikin gari na birnin San Francisco da yawa da wannan tsari suke aika inda suke, saboda haka allunan tashoshi masu nuna mintocin da suka rage mota ta iso suka rikice, fasinjoji suka yi makonni suna tsayuwa kan lissafin da ba daidai ba. Duk mai sayen allo mai layin waya, ya tambayi wane tsari na'urar ke bi, kuma in an rufe shi, wa zai biya kuɗin sauyawa.

Zaɓen Zango Da Kiyaye Doka

Dokar halitta ita ce, gwargwadon ƙarancin kaɗawar igiya, gwargwadon tsawonta da iya kewaye shinge. Igiyar megahaz 900 tsawonta kamar santimita 33 ne, tana ratsa ganyaye fiye da sauran. Ta gigahaz 2.4 kamar santimita 12 da rabi ce, na'urorinta suna da araha, amma zangon cike yake maƙil da Wi-Fi na gidaje da ofisoshi. Ta gigahaz 5.8 kamar santimita 5 ce, tana ɗaukar kaya da yawa, har da hoto mai motsi, sai dai ba ta haƙuri da shinge ko kaɗan.

To, jama'a, a nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ta raba duniya yankuna uku. Nahiyar Amurka tana yanki na biyu, Afirka da Turai suna yanki na ɗaya. Zangon megahaz 902 zuwa 928 da ake barin kowa ya yi amfani da shi a Amurka, na yanki na biyu ne. A wajenmu kuwa, wayoyin hannu na GSM, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a 2001, suna aika magana zuwa turakun kamfani tsakanin megahaz 890 da 915. Ashe ke nan daga 902 zuwa 915 gona ɗaya ce masu noma biyu. Ɗan kwangilar da ya sayo allo daga Amurka tare da rediyonsa na megahaz 900 ya kafa a nan, ya shiga gonar da wani ya biya kuɗi mai yawa ya mallaka. Zai dami wayoyin maƙwabta, su ma su dame shi, kuma doka ba ta bayansa.

A Nijeriya hukumar NCC ce ke kula da wannan, bisa dokar sadarwa ta 2003, kuma ita ke ba da takardar amincewa da nau'in na'ura kafin a yi amfani da ita. A Jamhuriyar Nijar akwai ARCEP, a Ghana akwai NCA. Tambayar farko ga kowane ɗan kwangila ita ce: a wane zango rediyon nan ke aiki, kuma ina takardar amincewar hukuma?

Zuwa Da Kai Ya Fi Aike

Ba a zana hanyar rediyo daga kan tebur. Dole a je wurin, a hau inda za a ɗaura eriyar ofis, a duba ko ana hangen inda za a ɗaura ta allo. Waɗannan igiyoyi gajeru ɗabi'arsu kusan irin ta haske ce, abin da ya tare ido yakan tare su.

Amma hange kaɗai bai isa ba. Igiyar rediyo ba kamar zare take tafiya ba, tana buƙatar fili kewaye da layin hange, mai siffar kwalekwale, siriri a baki biyu, mai faɗi a tsakiya. Ana kiran wannan fili da sunan Fresnel, wani masanin haske Bafaranshe da ya rasu a 1827. Ga misali: idan tazarar kilomita 1 ce a gigahaz 2.4, a tsakiyar hanya filin ya kai mita 5 da rabi daga layin hange zuwa kowane gefe, har da ƙasa. Ƙa'idar aiki ita ce kashi 60 cikin 100 na wannan ya kasance babu komai a cikinsa, watau fiye da mita 3 kaɗan. In tazarar ta kai kilomita 5, filin ya zama mita 12 da rabi, abin da za a share kuwa mita 7 da rabi. Saboda haka rufin kwano ko tankin ruwa da ke ƙarƙashin layin da mita ɗaya kacal zai raunana saƙo, alhali kuwa mai dubawa yana ganin allon sarai da idonsa.

Har ila yau, a yi la'akari da lokacin da aka yi dubawar. Kuka tana kaɗe ganyenta da rani. Wanda ya yi awonsa a watan Fabrairu ya hangi allo ta tsakanin rassanta, in damina ta kankama zai tarar ganye ya rufe hanya. Gawo kuwa akasin haka yake, da damina yake tsirara, da rani ya yi ganye. Darbejiya tana da saurin girma, wadda ke ƙasa da layi bana tana iya kai masa nan da shekaru kaɗan. Ruwan sama shi kansa ba ya yi wa waɗannan zanguna illa sosai a gajeriyar tazara, jiƙaƙƙen ganye shi ne abokin gaba. Kada kuma a manta da tambayar ko akwai mai shirin ɗora bene a tsakani.

Lissafin Jari Da Hasara

Bayan dubawa sai lissafi, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba. Ana auna ƙarfin saƙo da desibel. Abu biyu za a riƙe: ƙarin desibel 3 ninki biyu ne, ragin 3 kuwa rabi, sa'an nan duk lokacin da tazara ta ninka, ana hasarar desibel 6, watau kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura.

Mu ɗauke shi kamar fatauci. Rediyo mai ƙarfin miliwat 100 jarinsa 20 ne a wannan ma'auni. Eriya mai tattara saƙo waje ɗaya, kamar yadda tocila ke tattara haske, a ce ta ƙara 14 a nan, takwararta ta ƙara 14 a can, ya zama 48. Kebul da mahaɗai suka ci 2, saura 46. Sararin kilomita 1 a gigahaz 2.4 yana cin kimanin 100. Abin da ya isa ke nan shi ne 54 ƙasa da sifiri, ana rubuta shi −54. In takardar na'ura ta ce tana iya jin saƙo har zuwa −80, to muna da rarar 26. Wannan rara ita ce guzurin ranar wahala, ranar da iska ta ɗan karkatar da eriya, ko reshe ya shigo, ko maƙwabci ya kunna nasa rediyon. Masu aikin sukan so rarar kada ta gaza 10, in ta kai 20 hankali ya kwanta. Hanyar da ba ta da rara za ta yi aiki ranar biki, ta mutu ran da aka yi ruwan farko.

A lura, wannan misali ne kawai. Kowace hukuma tana da iyakar ƙarfin da ta yarda a watsa, kuma ana haɗawa da abin da eriya ta ƙara. Ƙara ƙarfi ma ba ya maganin shinge. Ɗaga eriya mita biyu sau da yawa ya fi ninka ƙarfin rediyo amfani.

Ranar Kafawa

Ka'ida ta farko, a gwada komai a ƙasa. A ajiye rediyon biyu a ɗaki ɗaya, a daidaita su, a aika saƙo har a ga ya fito a allo, kana a ɗauki tsani. Gyaran da zai ci minti biyar a kan tebur yana iya cin yini guda a kan dogon ƙarfe cikin zafin rana.

Ta biyu, kebul ɗin da ke tsakanin rediyo da eriya ya zama gajere iyakar iyawa. Siririn kebul mai araha da ake kira RG-58 yana cin kusan desibel 1 a kowace mita a gigahaz 2.4, watau cikin mita uku ko huɗu rabin ƙarfi ya tafi. Shi ya sa na'urorin yanzu ake ɗaura rediyon can sama manne da eriyarsa, a sauko da kebul irin na kwamfuta wanda ke ɗauke da saƙo da wuta gaba ɗaya. Kada kuma a kulle eriya cikin akwatin allo, domin akwatin ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya barin igiya ta fita.

Ta uku, eriyoyin biyu su yi tsayuwa iri ɗaya. In ɗaya tana tsaye ɗaya tana kwance, ana iya hasarar desibel 20, watau kashi 99 cikin 100 na saƙon, alhali babu abin da ya lalace. Wajen saita su kuwa, mutum biyu ake so, kowa da wayarsa. Ɗaya ya riƙe tasa cik, ɗayan ya juya tasa a hankali dama da hagu, sa'an nan sama da ƙasa, yana duban awon da na'ura ke nunawa har ya kai ƙololuwa, ya ɗaure. Kana na farkon ya yi haka. A gwama abin da aka samu da lissafin takarda. In lissafi ya ce −54 aka sami −70, akwai abin da ba daidai ba, kada a sauko sai an gano shi.

Ta huɗu, ruwa. Kowace mahaɗa a naɗe ta da tef na roba mai narkewa ya haɗe da kansa, a bi da baƙin tef a sama saboda rana. Kebul kafin ya shiga akwati a lanƙwasa shi ƙasa ya yi ɗan ciki, domin ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a nan. Ruwan da ya shiga kebul ba ya kashe hanya nan take, a hankali yake cin ta har wata da watanni.

Ta biyar, aradu. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a unguwa yana gayyatar ta, kuma ko ba ta faɗa masa ba, wadda ta faɗi kusa tana tura wuta cikin wayoyi ta ƙone na'ura. A haɗa ƙarfen da ƙasa ta hanyar kakkaurar wayar jan ƙarfe da sandar da aka kafe can cikin ƙasa mai laima, a sa na'urar tare tsawa a inda kebul ke shiga gini.

Ta shida, wuta. Rediyon ba ya shan wuta da yawa, 'yan wat kaɗan ne, saboda haka babu dalilin barinsa ba batir. Inda aka dogara da hasken rana, a sani ƙurar hunturu tana rufe farantan, sai an sa wanda zai riƙa share su.

Daidaitawa Da Tsaro

In an gama da ƙarfe da kusoshi, saura abin da ke cikin na'ura. A fara da sauraron zango a ga inda ya fi shiru. A gigahaz 2.4 tashoshi uku ne aka saba zaɓa domin ba sa hawa kan juna, watau ta 1 da ta 6 da ta 11. A ba kowace na'ura lambar adireshi tsayayya wadda ba ta sauyawa, a rubuta ta. In allon tsohon yayi ne mai karɓar saƙo harafi bayan harafi, saurin aikawa dole ya zo ɗaya a kowane gefe. In allo yana jiran 9,600 aka aiko masa da 19,200, ba abin da zai fito sai shirme ko shiru, mutane su yi ta zargin eriya a banza. In alluna da yawa ne ke sauraron ofis ɗaya, kowanne ya sami lambarsa, kada sanarwar ɗakin karatu ta fito a ƙofar asibiti.

Sai maganar tsaro. Waya tana cikin rami, amma rediyo a sarari yake, duk mai na'ura yana iya kasa kunne. A kulle hanyar da WPA2 ko WPA3. Tsohon tsarin WEP an fasa shi tun 2001, bai kamata a gan shi ko'ina ba. Fiye da komai, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, domin tana rubuce cikin littafin da kowa zai iya samu a intanet. A 2009 a birnin Austin na jihar Texas wasu suka sauya allunan gefen hanya suka rubuta wai fatalwa na gaba. A 2014 aka shiga allunan manyan hanyoyi na jihar North Carolina daga nesa aka sauya rubutunsu. A 2016 wani ƙaton allo a birnin Jakarta na Indunusiya ya yi mintoci yana nuna hotunan batsa ga masu wucewa. Wasu sun ɗauki waɗannan abin dariya. Amma mu yi tunani, a garin da ake zaman ɗar-ɗar, ranar kasuwa, wani ya rubuta ƙarya guda a allon da ke ɗauke da tambarin gwamnati, me zai biyo baya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma daidaitawa guda da ta fi sauran muhimmanci, ita ce kuwa aka fi mantawa. Dole a gaya wa allo abin da zai yi in ya daina jin ofis. Ƙa'idar allunan hanya ta Amurka, NTCIP 1203, ta tanadi wannan: in lokaci kaza ya wuce ba saƙo, allon ya koma wani rubutu da aka ajiye masa, ko ya share kansa. Kowace sanarwa kuma a sa mata ranar ƙarewa. Direban da ya ga an rubuta hanya a buɗe take alhali ruwa ya cinye gada tun jiya, gara a ce bai ga komai ba. Haka ɗalibin da ya ga tsohon lokacin jarrabawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kafin A Sa Hannu

'Yan'uwa, ga abin da muke so ku tafi da shi. Ran da aka kawo muku takardar biya, kada ku wadatu da ganin allo yana walƙiya. Ku nemi rahoton duba wuri da lissafin rara. Ku nemi awon ƙarfin saƙo na ranar kafawa a rubuce, domin da shi za a gwama in an sami matsala. Ku zauna da kanku a ofis ku rubuta saƙo, ku aiki wani ya tsaya gaban allo ya karanto muku. Ku sa a kashe wuta a maido, ku ga ko hanyar za ta tashi da kanta ba sai an kira kowa ba. Ku sa a cire rediyon ofis, ku ga abin da allon zai yi. Ku karɓi kalmomin sirri da lambobin adireshi da manhajar, a sa su a fayil na ofis, kada su zauna a wayar ɗan kwangila ko a kan ma'aikaci ɗaya da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe. Ku tabbata an koya wa mutum biyu aƙalla. In da hali, a riƙe wani kashi na kuɗin har hanyar ta ga damina guda.

Sa'an nan a sa kuɗin kulawa cikin kasafin kowace shekara: sare reshe, ɗaure kusoshin da iska ta sassauta, sabunta tef, sauya batir, biyan kuɗin layi. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba a yi musu biki, ba a kuma ɗaukar hoto a gabansu, amma su ke raba allon da zai yi shekara goma da wanda zai yi wata goma.

Ku kuma ɗaliban kimiyya da injiniya, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Na'urori biyu, da taswira, da lissafin da muka yi ɗazu, sun isa ku haɗa gini da gini a cikin wannan makaranta, ku auna da hannunku ku ga ko takarda ta faɗi gaskiya. Ƙasar da kullum sai ta jira wani ya zo daga waje ya juya mata eriya, allunanta za su daɗe a kashe.

Jama'a suna gaskata abin da hukuma ta rubuta da haske a bainar jama'a, har ran da suka kama shi da ƙarya sau biyu ko uku. Daga ran nan ko gaskiya ya faɗa ba mai ɗaga kai, kuma dawo da wannan yarda ya fi sayen sabon allo tsada. Amanar da ke hannun mai kafa eriya da mai sa hannu a takarda ke nan.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.